Rumman: Tsakanin Aya da Tsafi

Rumman ɗan itace ne da ke sa mutum ya dakata kafin ya kai baki. Daga waje ɓawo ne mai tauri kamar jemammiyar fata, a kansa ga ɗan kambi mai tsini-tsini irin na sarakuna. Da an tsaga shi sai ga ɗakuna jere, kowane da farin labulensa, kowane maƙare da jajayen ƙwayoyi kamar da hannu aka shirya su, ruwansu kuwa in ya ɗiga a farar riga sai a rantse jini ne. Tun daga ƙasar Farisa da kewayenta, inda asalin itacen yake, har Masar da Girka da Sin da Andalus, da wuya a sami al'ummar da ta san shi ba ta ɗora masa wata ma'ana ba. Da yawa ma ba su tsaya ga ma'ana ba, sai da suka nemi biyan buƙata a wurinsa, ko haihuwa, ko arziki, ko tsari daga mugun abu. To wannan abin da mutane suka daɗe suna hange, a cikin rumman yake ko a cikin kawunansu? Abin da nake gani, kuma zan kafa masa hujja, shi ne rumman yana da matsayi biyu na gaskiya. Abinci ne da magani, wanda ana iya gwada shi, kuma alama ce da ake karantawa. Matsayi na uku da ake ba shi, na mai ɓoyayyen iko, kuskure ne da ke aukuwa duk sa'ad da aka ɗauki kama aka mai da ita sababi.

A fara da Girkawan da, domin labarinsu ya fi kowane yaɗuwa. Sun ce Hedis, sarkin duniyar matattu a addininsu, ya sace Fasifoni 'yar Dimita, wadda suke bauta wa a matsayin uwar hatsi. Baƙin cikin uwar ya hana ƙasa fitar da tsiro har yunwa ta kusa ƙarar da mutane, sai aka tilasta wa Hedis ya mai da yarinyar. Kafin ta fito ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, ga shi kuwa ƙa'idarsu ce wanda ya ɗanɗani abincin matattu ya zama nasu. Shi ya sa kowace shekara sai ta koma ƙarƙashin ƙasa, kuma muddin tana can gona ba ta yabanya. A tsohuwar waƙar yabon Dimita da ake jingina wa Homa, sulusin shekara take yi a can. A wurin Obid, mawaƙin Rumawa, ƙwaya 7 ta ci, kuma rabin shekara take yi. A nan rumman abincin kabari ne. Amma waɗannan Girkawan dai su ne suka yi gunkin Hira, wadda suke ɗauka uwar aure, a kusa da birnin Argos, da rumman a hannunta, har matafiyi Fausaniyas da ya gan shi a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) ya ƙi faɗin dalili, a cewarsa sirrin addini ne. Har gobe a Girka ana fasa rumman a bakin ƙofa ranar sabuwar shekara don neman sa'a, kuma ana barbaɗa ƙwayoyinsa a kan dafaffiyar alkamar da ake rabawa wajen addu'ar mamaci. Ɗan itace ɗaya, yau gidan biki, gobe gidan makoki.

Da an bar Girka sai ma'anonin su ƙara yawa. A littattafan Bani Isra'ila an yi umarni a zagaye bakin rigar babban limaminsu da siffar rumman da 'yan ƙararrawa na zinariya, kuma da shi aka ƙawata kawunan ginshiƙai biyu na ƙofar haikalin Annabi Sulaiman (AS). Daga baya Yahudawa suka riƙa cewa ƙwayoyinsa 613 ne, daidai da adadin dokokin Attaura, suna cinsa a sabuwar shekararsu da fatan ayyukan kirki su yawaita. Mutanen Iran suna cinsa a daren Yalda, dare mafi tsawo a hunturu, suna ganin jan alfijir a launinsa. A ƙasar Sin kalmar da ke nufin ƙwaya ita ce ke nufin ɗa, don haka hoton rumman da ya tsage ya zama kyautar amare. A Armeniya amarya kan maka shi da bango, a kalli yadda ƙwayoyin suka warwatsu. A Jafan ana zana wata dodanniya mai cin 'ya'yan mutane, wadda ta tuba a hannun Budda, riƙe da rumman, wai shi aka ba ta ya maye mata gurbin naman mutum. Masu zanen Kirista a Italiya, irin su Boticelli wajajen 1487, sun sa shi a hannun jariri Isa don ishara ga jini da tashi daga matattu bisa aƙidarsu. Sojojin Faransa kuwa, da suka kalli ƙaramin bam ɗin da ake jefawa da hannu, sai suka kira shi da sunan rumman a harshensu, kuma daga wannan suna ne, ta bakin Turawan Ingila, Bahaushe ya sami kalmar gurneti.

Idan aka jera waɗannan duka, abu ɗaya ke fitowa fili. Da akwai wani iko tsayayye a cikin rumman, da aikinsa ya zama ɗaya a ko'ina, kamar yadda wuta ke ƙona Bagirke da Basine ba tare da ta tambayi addininsu ba. Ga shi kuwa yana nufin aure kuma yana nufin mutuwa, yana nufin dokokin Allah kuma yana nufin naman mutum, yana nufin kambin sarauta kuma yana nufin makamin kisa. Ko a kan haihuwa, inda ake zaton baki ya zo ɗaya, ba a daidaita ba. A ƙarnin da Fausaniyas ke kallon rumman a hannun uwar aure, Soranus na Afisa, shahararren likitan mata a birnin Rum, ya lissafa ɓawonsa cikin haɗe-haɗen hana ɗaukar ciki. Abin da bai canza ba shi ne siffar, wato yawa, da ja, da kambi, da dukiya a ɓoye cikin ɓawo. Kowace al'umma ta kalli ɗaya daga cikinsu ta ga abin da ya fi damun ta. Mai begen 'ya'ya ya ga yawan ƙwaya. Wanda ya binne nasa ya ga jini, ya ga irin da ke shiga ƙasa ya sake fitowa. Mai mulki ya ga kambi da jama'a tinjim cikin ganuwa ɗaya. Soja ya ga abin da ke fashewa ya watsu. Rumman dai madubi ya zama, madubi kuwa fuskar mai dubawa yake nunawa.

Har zuwa nan babu laifi, domin kamanta abu da abu shi ne tushen azanci, da shi ake karin magana, da shi ake kirari. Ɓarna tana farawa ne a taku na gaba, wanda ƙanƙantarsa ke sa ba a lura da shi. Wanda ya ce rumman yana kama da gida mai yawan 'ya'ya, magana ya yi. Wanda ya ce macen da ta ci shi za ta haihu da yawa saboda wannan kamar, ya bar magana ya shiga da'awa kan yadda duniya ke tafiya. Masanin al'adu James Frazer, a babban littafinsa kan tsafi da addini da ya fara fitowa a 1890, ya nuna cewa yawancin tsafe-tsafen duniya a kan zato biyu suke tsaye: abin da ya yi kama da abu yana janyo shi, kuma abin da ya taɓa haɗuwa da abu yana ci gaba da tasiri a kansa ko an raba su. Kusan duk surkullen da ake yi da rumman daga zato na farko yake. Budurwa ta jefa shi ƙasa ta ƙirga ƙwayoyin da suka fito don sanin yawan 'ya'yanta, a turara busasshen ɓawonsa don kuɗi su yawaita kamar ƙwayoyinsa. A Turai ta ƙarni na 16 har likitoci sun tafi a kan cewa Mahalicci ya sa wa kowane tsiro tambarin cutar da yake warkarwa, don haka ƙwayoyin rumman, tun da sun jeru kamar haƙora, maganin ciwon haƙori ne. Bahaushe ya daɗe da yanke wa wannan tunani hukunci a taƙaice, da ya ce kama da wane ba ta wane.

Tarihi ya gwada wannan da'awa a gidan da ba a rasa komai. Da Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela suka karɓe Garnaɗa daga hannun Musulmi a 1492, sun sa rumman a tambarin Sifaniya, domin sunan birnin da sunan ɗan itacen ɗaya ne a harshensu, kuma yana nan a tambarin har yau. 'Yarsu Katarina ta ɗauke shi ya zama tambarinta, ta shiga da shi fadar Ingila, inda ta auri Sarki Henri na 8 a 1509. An sassaƙa shi a gine-gine, an saƙa shi a tufafi, kowa yana karanta alkawarin magada a cikinsa. Ta ɗauki ciki aƙalla sau 6. Ɗan da ta haifa a farkon 1511 kwana 52 ya yi a duniya, kuma cikin 'ya'yanta duka mace ɗaya ce, Maryamu, ta rayu. A 1533 sarkin ya warware auren don neman ɗa namiji, ya raba Ingila da Paparoma, aka bi fadoji ana kankare rumman. Maganar 613 ma haka take, domin duk mai haƙurin ƙirgawa zai tarar wani bai kai 300 ba, wani ya haura 1,000. Kai, ko hikayoyin kansu sun san iyakar abin. Farisawa sun ce jarumi Isfandiyar ya ci rumman daga hannun Zaradusht, jagoran addininsu na da, jikinsa ya daina jin makami, amma a Shahnama ta Firdausi, jarumi Rustam ya harbe shi a ido ya mutu. Mai ƙaga labari ma bai yarda ya bar mutum ya tsere wa ajali da ƙwayar itace ba.

Wani zai ce, to ai ruwa ba ya tsami banza. Ta yaya al'ummai masu nisa da juna, masu harsuna da addinai daban-daban, za su haɗu a kan danganta rumman da haihuwa da albarka in babu wani abu a ƙasa? Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta biyu ce, kuma ko ɗaya ba ta buƙatar ɓoyayyen iko. Ta farko, idanu ɗaya ne da 'yan Adam kuma damuwarsu ɗaya ce. Duk wanda ya fasa abu ya ga ɗaruruwan 'ya'ya a ciki zai tuna da haihuwa, kamar yadda duk wanda ya ga rana ta fito daga gabas ta faɗi yamma ya ɗauka ita ke zagaya ƙasa, kuma haɗuwar mutane a kan wannan zato bai sa ya zama gaskiya ba. Ta biyu, waɗannan al'ummai ba su rabu da juna yadda ake zato ba. A tarkacen jirgin fatake da ya nutse a Uluburun, a gaɓar Turkiyya, tun ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an sami ragowar rumman cikin kayan da ya ɗauko. A kabarin Fir'auna Tutankamun an sami tulun azurfa mai siffarsa. Sinawa da kansu suna cewa daga yamma ya zo musu, suna jingina kawo shi ga jakada Zhang Qian a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kaya ba ya tafiya shi kaɗai, fatake da labari suke tafe. Shaidu goma da suka ji magana daga baki ɗaya, a gaban alƙali shaida ɗaya ce.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, domin yana riƙe da gaskiya. Ai rumman yana magani, kuma magabata sun san haka tun kafin a gina ɗakin bincike. Haka ne. Kundin likitancin Masar da ake kira Ebers, na wajajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci saiwarsa a maganin tsutsar ciki, kuma a 1878 masanin haɗa magunguna na Faransa Charles Tanret ya tace daga ɓawon itacen sinadarin da ke kashe jikin tsila, wato doguwar tsutsar hanji, har a fitar da ita. Ɓawon ɗan itacen kuma cike yake da irin sinadarin nan mai ɗaure baki da ke cikin bagaruwa, shi ya sa ake tsai da gudawa da shi, kuma majema da marina suke aiki da shi. Sai dai a lura da inda maganin yake. Yana cikin saiwa da ɓawo, sassa masu ɗaci da ba su kama da komai, waɗanda babu mawaƙin da ya kula su. Jajayen ƙwayoyin da aka ɗora wa hikayoyi ba su ne ke fitar da tsila ba. Kenan ba ta hanyar kama aka gano wannan magani ba, ta hanyar gwaji ne, wani ya sha, aka ga abin da ya fita. Kuma magani yana da siffofin da ke bambanta shi da surkulle. Yana aiki ko mai sha ya yarda ko bai yarda ba, yana da awo, in aka zarce awon saiwar rumman tana jawo jiri da amai da dushewar gani, kuma in ya kasa ana iya cewa ya kasa. Surkulle ba shi da awo, in ya kasa kuma sai a ce mai shi ne ya karya sharaɗi.

Kada a zaci wannan cuta ta mutanen da ce. Tufafi kawai ta canza. Wani kamfanin Amurka mai sayar da ruwan rumman, POM Wonderful, ya yi ta tallan cewa abin shansa yana maganin ciwon zuciya da sankarar mafitsara ta maza da raunin mazakuta. A 2010 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta tuhume shi da yaudara, ta same shi da laifi, kuma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ainihin hukuncin. Ruwan rumman abin sha ne mai kyau, ba wanda ya musa, amma tsakanin abinci mai gina jiki da maganin sankara akwai tafiya mai nisa, kuma tsohon kwarjinin ɗan itacen ne aka hau don tsallake ta. Haka a 1988 gidan tarihin Isra'ila ya biya dala 550,000 ya sayi wani ɗan ƙaramin rumman na haure, wanda bai wuce babban yatsa ba, saboda rubutun da ke jikinsa yana nuna wai daga haikalin Annabi Sulaiman (AS) yake. A 2004 gidan tarihin ya sanar cewa masana sun gano rubutun jabu ne, ko da yake wasu suna ja har yanzu. Duk inda ma'ana ta yi nauyi farashi kan tashi, inda farashi ya tashi kuwa mayaudari ba ya nisa. Mai sayen garin ɓawon rumman a shagon magungunan Musulunci yana da haƙƙin ya tambaya: me yake magani, nawa ake sha, wa ya gwada?

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi shafar mai karatu Musulmi. Ashe ba Allah da kansa ya ambaci rumman a Alƙur'ani ba, har ya sa shi cikin 'ya'yan itacen Aljanna? Wannan bai isa shaida cewa yana da wata albarka ta daban ba? An ambace shi sau 3, a aya ta 99 da ta 141 ta Suratul An'am, da aya ta 68 ta Suratur Rahman, kuma ya kamata a dubi abin da ayoyin suka nema a yi da shi. Ta farko ta jero shi da dabino da inabi da zaitun, duk daga ruwan sama ɗaya, ta yi umarni a kalli 'ya'yansa sa'ad da suka fito da sa'ad da suka nuna. Ta biyu ta yi umarni a ci, a fitar da haƙƙi ranar girbi, kada a yi almubazzaranci. Kallo, da ci, da bayarwa, ba a ambaci ratayawa ko turarawa ko duba ba. Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne wurin da aya ta 141 ta zo. Ayoyin da suka gabace ta, daga ta 136 zuwa ta 140, suka ne a kan camfe-camfen Larabawan jahiliyya game da amfanin gona da dabbobi, yadda suke ware wa gumaka kaso, suna haramta wannan ga wane, suna keɓe wancan ga maza ban da mata. Ana gama rushe wannan sai aka kawo gonaki da rumman. Wato an ambace shi ne a daidai inda ake tsige tsafi daga jikin abinci, ana mai da shi ga Wanda ya halicce shi.

Malaman da suka gabata ma haka suka karanta. Akwai maganar da ta yaɗu cewa kowane rumman yana ɗauke da ƙwaya ɗaya daga rumman na Aljanna, har wasu ba sa yarda ko guda ta faɗi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo ta a bayaninsa kan magungunan Annabi, ya nuna an ruwaito ta daga Ibnu Abbas, kuma ya rinjayar da cewa maganar sahabin ce ba ta Manzon Allah (SAW) ba, sa'an nan ya wuce ga amfaninsa ga ciki da maƙogwaro kamar kowane likita. Da Imamu Abu Hanifa ya tsaya a kan ayar Suratur Rahman, abin da ya ciro shi ne hukuncin rantsuwa: tun da an ambaci rumman daban bayan an ambaci 'ya'yan itace, wanda ya rantse ba zai ci 'ya'yan itace ba sa'an nan ya ci rumman bai karya rantsuwa ba, almajiransa biyu kuma suka saɓa masa. Ba asiri suka nema a ciki ba, fiƙihu suka nema. Ƙa'idar kuwa a Sunna take. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abu biyun, Manzon Allah (SAW) kuwa ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne, ba ruwansu da mutuwa ko rayuwar kowa. A hanyar Hunaini kuma, da wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi a sanya musu itaciyar rataye makamai don neman albarka irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai, ya tsawata musu ƙwarai. In rana da girmanta aya ce kawai, ina ga ɗan itace?

Daga ɗaya gefen kuma akwai mai cewa, in haka ne a watsar da alamomin gaba ɗaya, duk camfi ne, rumman ruwa ne da zaƙi da ɓawo, shi ke nan. Wannan ma ya yi kuskure, kuskurensa kuma ɗan'uwan na matsafi ne, domin dukansu sun ɗauka cewa abu ba shi da daraja sai in yana aikata wani abu a zahiri. Alama magana ce, magana kuwa tana iya zama gaskiya ko da ba ta motsa ko tsinke ba. Marubucin tarihin Girka Hirodotus ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa, da ya fasa rumman, sai ɗan'uwansa ya tambaye shi me zai so ya mallaka da yawan waɗannan ƙwayoyi, sai ya ambaci amintaccen kwamandansa Megabazus, ya nuna samun irinsa da wannan yawa ya fi masa mallakar Girka. Ba wanda ya zaci ƙwayoyin za su rikiɗa su zama sojoji, amma da wuya a yabi bara da abin da ya fi haka. Mu ma muna da irinta a goro. Ana raba shi a ɗaurin aure da suna, ana kai wa manya, ana tarbar baƙo da shi, kuma kowa ya san ba goron ne ke ɗaura aure ba, waliyyi da shaidu da sadaki ne. Duk da haka taron da ba goro sai a ji kamar da saura. Bayahuden da ke cin rumman yana fatan ayyukansa na kirki su yawaita, ko Basinen da ya kai wa amarya hotonsa, fata suke furtawa da abu maimakon baki. Wanda ya rasa kunnen jin wannan harshe ya yi asarar rabin abin da mutane ke faɗa wa juna.

Iyakar kenan ba a jikin aikin take ba, tana wajen abin da zuciya ke jira da wanda take jira daga gare shi. Mutum biyu suna iya fasa rumman a bakin ƙofa ɗaya, na farko yana cewa Allah ya yalwata gidan nan kamar haka, na biyu yana ƙirga ƙwayoyi gabansa na faɗuwa don sun yi kaɗan. Na farko ya mallaki alamarsa, na biyu alama ta mallake shi. A nan ne amsar masu cewa wa ya cutu, tsafi ai gaskiyar mai shi ne. Wanda ke cutuwa shi ne wanda aka ɗora wa laifi idan abin ya ƙi. Da yake a idon mai camfi surkulle ba ya ƙarya, dole a nemo mai laifi, kuma galibi mace ce. Ita ce ba ta yi daidai ba, ita ce mai farar ƙafa, ita aka yi wa baki. Katarina ce aka kora, ba wanda ya tuhumi rumman. Shekarun da ma'aurata za su ɓata suna bin turare da rataye-rataye su ne shekarun da likita zai iya gano toshewar da ke gyaruwa, ko ya gano cewa matsalar daga mijin take. Ban da kuɗi da lokaci, akwai asarar da ta fi su, wato zuciyar da aka halitta don ta dogara ga Mahalicci ta koma tana fargabar abin da ake sayarwa a faranti a bakin kasuwa.

Saboda haka girmama rumman na gaskiya shi ne a bar shi a matsayinsa biyu, kowane da ma'auninsa. In an ce magani ne, a kai shi ga gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai, a karɓi abin da ya tabbata, a bar abin da ya faɗi ko da wa ya faɗe shi. In an ce alama ce, a saurare ta yadda ake sauraron karin magana, a ji begen Basine da makokin Bagirke da fatan Bayahude a cikinta, ba tare da an nemi ta yi aikin da ba nata ba. Alhajin da ya sayi rumman na Ɗa'ifa a Makka, ya fasa, ya tsaya yana kallon yadda aka jera ɗaruruwan ƙwayoyi cikin ɓawo ɗaya ba wadda ta danne wata, sa'an nan ya ci ya miƙa wa na kusa da shi, ya cika duk abin da aka nema daga gare shi game da wannan ɗan itace. Ƙwayar rumman alkawari ɗaya ta ɗauka tun da aka halicce ta, kuma shekaru dubbai ba ta ƙara wani a kai ba: in aka sa ta a ƙasa aka ba ta ruwa, da yardar Allah, rumman za ta fitar.